Keken da Ba Ka Iya Kwancewa, Naka Ne Kuwa?

A ranar 9 ga Yulin 1913, ana tsakiyar tseren kekuna na Tour de France, wani Bafaranshe mai suna Eugène Christophe yana gangarowa daga dutsen Tourmalet sai fok ɗin kekensa ya karye, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da tayar gaba. Dokar gasar a wancan zamani ta hana mahayi karɓar taimako daga kowa. Sai ya saɓa keken a kafaɗa, ya taka wajen kilomita goma har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya nemi maƙera, ya hura wuta, ya shiga ƙira da hannunsa, alƙalan gasa na tsaye a kansa. Da yake hannu biyu Allah ya ba shi, ɗaya na riƙe da ƙarfe ɗaya da guduma, wani yaro ne ya yi masa zuga. Wannan zugar ita alƙalan suka ɗauka a matsayin taimako, suka ci shi tarar mintuna, bayan sa'o'i kusan huɗu da ya riga ya yi asara. Duk da haka ya hau kekensa ya ƙarasa zangon ranar, ya kuma isa Faris a matsayi na bakwai.

Masu son keke sun daɗe suna ba da wannan labari domin yabon juriyar Christophe, kuma ya cancanci yabon. Sai dai akwai wani abu a cikinsa da aka fi mantawa. Keken da ke neman lashe gasa mafi girma a duniya ya karye a gefen dutse, aka gyara shi a maƙerar ƙauye, da irin kayan aikin da ake gyaran garma da su. Babu wanda ya rubuta wa kamfani takarda, babu wanda ya jira a aiko da wani sashe daga wata ƙasa. A yau, shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, manyan kamfanonin kekuna suna sayar da keken tsere da kuɗinsa ya haura dala 12,000, wanda mai shi ba ya iya ɗaga kan keken da tsawon yatsa biyu sai ya kai shi shago an tsiyaye man birki. Wannan suke kira ci gaba, kuma mujallun da ke cin abinci da tallarsu suna tafa musu.

Saboda haka mutanen nan da ake gani a Turai da Amurka da Japan suna tsintar tsofaffin kekunan ƙarfe na shekarun 1960 zuwa 1980, suna kwance su, suna wanke boris da kananzir, suna sa sabon giris, su hau su yi kilomita ɗari ranar Lahadi, bai kamata a ɗauke su masu begen zamanin da ya wuce kawai ba. Suna riƙe da wani abu da ake ƙoƙarin ƙwacewa daga hannun kowane mai keke, wato ikon fahimtar abin hawansa da ikon gyara shi.

Domin a gane abin da ake magana a kai, sai a duba tsohon keken tsere na kirki, misali wanda aka ƙera da bututun Reynolds 531. Kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da wannan ƙarfe a 1935, aka shafe shekara fiye da arba'in ana cin gasa da shi. A Italiya kuma kamfanin Columbus na Milan ke yin takwaransa. Maƙeri yakan yanka bututun, ya zura bakinsu cikin mahaɗa, ya narka tagulla ko azurfa ya like su. Idan bututu ɗaya ya lotsa a haɗari, wani maƙerin na iya zafafa mahaɗar, ya zare shi, ya sa sabo, ko da shekara hamsin sun wuce. Idan ƙarfen baya ya ɗan karkace, ana iya miƙe shi a sanyi. Hasali ma da wannan dabara ake buɗe bayan tsohon keke daga milimita 120 ko 126 zuwa 130, domin ya karɓi wilin zamani mai giya da yawa. Ƙarfe yana lanƙwasa kafin ya karye, yana tsatsa a fili, yana tsagewa a hankali inda ido zai gani. Yakan yi wa mai shi gargaɗi.

Haka sauran sassan suke. A cibiyar wilin baya akwai ƙwayoyin boris tara a kowane gefe, masu kaurin rubu'in inci; a ta gaba akwai goma-goma ƙanana. Da sifana biyu sirara ake buɗe su. Wanda ya taɓa yin wannan aiki ya san daɗin da ke cikinsa: a zuba ƙwayoyin a murfin gwangwani don kada su watse, a goge kofin da tsumma a duba ko ya ci, a cika shi da giris, a jera sababbi, sannan a ɗaure a hankali har a kai wurin da wilin ba ya girgiza kuma ba ya cijewa. Wannan wuri yatsa ne ke gane shi, kuma da zarar yatsa ya koya ba ya mantawa. Masauyin giya kuwa ɗan marfi ne a jikin bututun ƙasa, yana jan waya, wayar tana jan na'urar da ke ɗaga kaca daga haƙori zuwa haƙori. Babu wani sirri a ciki. Marfin bai damu da ko na'urar ta Campagnolo ce ko ta Simplex ko ta SunTour ba, bai damu da ko haƙoran baya biyar ne ko bakwai ba. Yana jan waya, kunnen mahayi yana ƙarasa sauran aikin. Wayar birki tana waje, ana ganinta daga hannu har taya. Idan ta fara tsinkewa, minti goma sun isa a sauya ta.

Ita kanta hikimar da ta gina waɗannan kamfanoni daga wahalar mahayi ta fito. Tullio Campagnolo ɗan tsere ne kafin ya zama ɗan kasuwa. Sanyin dutsen Croce d'Aune ya sandarar masa da yatsu har ya kasa kwance notin wili, daga nan ya zauna ya ƙirƙiro ɗan marfin da ake cire wili da shi ba tare da sifana ba, ya yi masa rajista a 1930, ya kafa kamfaninsa a Vicenza a 1933. Ƙirƙirar da ta ɗaga sunansa manufarta ɗaya ce: mahayi ya iya yi wa kansa aiki a bakin hanya cikin sauri. Kayan da kamfanin ya yi daga baya, irin su Nuovo Record, an yi su ne yadda kowace kusa da kowane sifirin za a iya cire shi a sayi madadinsa shi kaɗai.

To, yanzu a juya ga keken da ake tallatawa a yau.

A 2009 Shimano ya fito da giyar lantarki ta Di2. A 2021, da ya sabunta manyan samfuransa biyu, Dura-Ace da Ultegra, bai fito da mai waya ba ko ɗaya: wanda ke son kaya mafi inganci na kamfanin dole ya ɗauki batir da manhaja, ko yana so ko ba ya so. Giyar lantarki tana aiki da kyau, babu mai musun haka. Amma Di2 ta farko, ta 2009, ba ta haɗuwa da waɗanda suka biyo bayanta, domin an sauya wayoyin da tsarin sadarwar cikin 'yan shekaru. Wanda na'urarsa ta mutu yau sai ya shiga farautar tsohuwa a kasuwar intanet, ko ya sauya tsarin gaba ɗaya. Na'urar Campagnolo ta 1972 kuwa, a sa mata sabuwar waya ta kuɗi ƙalilan, ta ci gaba da aiki kamar jiya aka ƙera ta. Wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne ga masana'antar da ke da injiniyoyi da kwamfutoci: abin da ta yi shekara hamsin da suka wuce ya fi abin da ta yi shekara goma sha biyar da suka wuce sauƙin rayawa.

Sai batun ɓoye wayoyi. Yayin da ake ciki shi ne a cusa bututun man birki ta cikin kan keke, su bi ta wuya, su ratsa ta tsakiyar boris ɗin wuyan, su shige cikin firam. Keken yakan fito sumul a hoto. Amma boris ɗin wuya abu ne da ke cin ruwa da ƙura da gumi, dole wata rana a sauya shi. A tsohon keke aikin rabin sa'a ne. A sabon, sai an cire bututun birki duka biyu, a sauya boris, a mayar da su, a zuba sabon mai, a fitar da iska, a naɗe kan keken da sabon ƙyalle. Abin da aka samu a madadin wannan wahala ɗan ragin tirjiyar iska ne wanda ɗan tseren da ke gudun kilomita 45 a sa'a zai amfana da shi, amma malamin makaranta mai hawa ranar hutu ba zai taɓa jin bambancinsa ba. Shi ne kuma zai biya ladan makanike.

Labarin cibiyar feda ya fi ban dariya, in da abin dariya ne. Shekaru da dama, yawancin kekunan duniya suna amfani da ma'auni ɗaya na Ingila: rami mai tiredi 24 a kowane inci, a murɗa a ciki, a murɗa a fitar. Daga shekarar 2000 kamfanoni suka fara watsi da tiredi, suka koma dannawa da ƙarfi, kowa da nasa ma'aunin: BB30, PF30, BB86, BB90, BBright, BB386EVO. Kowanne da kayan aikinsa, kowanne da alƙawarin ƙarin ƙarfi da rashin nauyi. Abin da mahaya da yawa suka samu shi ne ƙara, ƙiiƙ-ƙiiƙ a kowane taki, domin ramin da aka yi a zaren kabon ba kullum yake fita daidai ba. A 2015 aka fito da wani sabon ma'auni mai suna T47, wanda babbar fasaharsa ita ce yana da tiredi. Manyan kamfanoni suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma kan tsohon ma'aunin Ingila ɗin da suka raina, suna tallata komawar a matsayin sabon abu. Babu wanda ya nemi afuwar mutanen da suka sayi kekunan shekarun da ke tsakani.

A watan Satumban 2023 kuma Shimano ya yi kiran a dawo da hannayen feda kusan 760,000 a Amurka da Kanada, na samfurin Ultegra da Dura-Ace, bayan rahotanni fiye da 4,500 na rabuwar sassan da aka manne da gam domin rage nauyi. Tsohon hannun feda dunƙulen alminiyam ne guda ɗaya. Ya fi nauyi da 'yan giram, amma babu wata mannewa a jikinsa da za ta buɗe.

Masu kare sabon zamani suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Gaskiya ne sabon keke ya fi sauri. Eddy Merckx ya yi kilomita 49.431 cikin sa'a ɗaya a birnin Meziko a 1972 a kan keken ƙarfe. Filippo Ganna ya yi 56.792 a 2022. Rabon da a lashe Tour de France a kan ƙarfe tun nasarar Miguel Indurain ta 1994. Ga wanda tsere ne sana'arsa, wanda mota ke bin bayansa da makanike da keke na biyu da na uku, babu dalilin da zai sa ya hau keken kakansa. Tambayar ita ce me ya sa ake sayar wa sauran mutane kayan da aka tsara domin mai mota a baya. Tsohon keken tsere mai kyau yakan yi kilo goma. Na zamani yakan yi bakwai da ɗoriya, kuma hukumar tseren kekuna ta duniya ma ta hana a sauka ƙasa da 6.8 tun shekarar 2000. Bambancin kilo uku ne. Ga mutumin da shi da kekensa da gorar ruwansa suka kai kilo 85, wannan bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba, wato kimanin minti biyu a hawan dutse na sa'a guda, a shimfiɗaɗɗiyar hanya kuma kusan babu. Minti biyun nan ake saye da ikon gyara.

Gaskiya ne kuma tsohon zamani yana da nasa hauka. Faransawa sun yi nasu tiredin daban, ta yadda mai tsohon Peugeot ko Motobécane yakan sha wuya kafin ya sami abin da zai shiga. Italiyawa na da nasu, wanda ke son kwancewa da kansa a gefen dama. Raleigh na Nottingham ma ya daɗe yana amfani da tiredi 26 a inci maimakon 24, domin dai a dawo gare shi. Taya mai inci 27 da mai lamba 700C suna kama da juna a ido, amma ɗaya milimita 630 ce ɗaya 622, ba sa shiga wilin juna. Birkin wancan zamani a kan wilin ƙarfe mai sheƙi, idan ruwan sama ya sauka, addu'a ce kawai ke tsayar da shi. Giyar kuma an yi ta ne domin samari masu cinyar doki: haƙora 52 da 42 a gaba, mafi girma a baya 21 ko 24. Kuma kada a manta fok ɗin Christophe na ƙarfe ne, ya kuwa karye, ya sake karyewa a 1919 yana sanye da rigar rawaya, wadda shi ne mutum na farko da ya fara sa ta.

Amma a lura da irin waɗannan matsaloli. Kowace tana da magani a hannun mai keke. A sauya wilin ƙarfe da na alminiyam, a sa sabon takalmin birki, tsayuwa ta gyaru. A sa ƙaramin faifan haƙora a gaba ko babba a baya, dutse ya hawu. Tiredin Faransa abu ne da ake aunawa da ma'auni, kuma har yau akwai ƙananan kamfanoni da ke ƙera madadinsa, domin duk mai injin sassaƙa ƙarfe zai iya kwaikwayon tiredi. Marigayi Sheldon Brown, makaniken nan na jihar Massachusetts da ya rasu a 2008, ya tattara kusan dukan waɗannan ma'aunai ya ajiye su kyauta ga duk mai nema. Manhajar da kamfani ya kulle kuwa, ko allon lantarki da aka daina yi, ko sandar sirdi mai siffar da keke ɗaya tak a duniya ke karɓa, babu makerin da zai kwaikwaye su a bayan gida. Matsalar dā ta rashin jituwa ce tsakanin maƙera, ta yau kuwa an tsara ta ne da gangan a ɗakin taro.

Akwai wata hujja da ake yawan kawowa, cewa kasuwa ce ke so, babu wanda aka tilasta wa. Wannan magana tana da daɗin faɗi ga wanda bai shiga shagon keke ba kwanan nan. Idan duk kekunan da ke kan kanta masu birkin faifai ne da ɓoyayyun wayoyi, zaɓin mai saye bai wuce na launi ba. Kamfani ne ke yanke abin da za a daina ƙerawa, sannan ya nuna alƙaluman ciniki ya ce ga shi mutane sun daina saye. Tarayyar Turai ta kafa dokar haƙƙin gyara a 2024, wadda ta tilasta wa masu ƙera injin wanki da firji da wayar hannu su ci gaba da gyara su. Keken da ake tuƙawa da ƙafa bai shiga jerin ba, wataƙila domin masu dokar sun ɗauka cewa keke ai kowa na iya gyara shi. Dā haka ne.

Sai dai laifin bai tsaya kan kamfanoni ba. A cikin masoyan tsohon keke kansu akwai waɗanda suka fi kamfanonin yi masa illa, wato masu tarawa. Su ne ke sayen Colnago ko De Rosa ko Cinelli, su goge shi, su rataye a bangon falo, taya ba ta taɓa ƙasa. Su ne ke farautar sassan da ba a taɓa buɗe kwalinsu ba, su ninka farashi har ɗalibin da ke neman na'urar giya domin ya hau ya haƙura. A 1983, shekarar da Tullio ya rasu, Campagnolo ya fito da kaya na musamman domin cikar kamfanin shekara hamsin, da ɗigon zinariya a jiki, cikin akwati mai lamba. Da yawansu har yau suna cikin akwatin. Irin waɗannan mutane ne za su ga wani ya sa wa keken 1978 birkin zamani domin ya tsira da ransa a gangare, su ce ya ɓata shi. Sun mayar da abin hawa kayan ado, kuma keken da aka rataye ya mutu kamar wanda aka jefar a juji, illa dai shi an yi masa likkafani mai tsada.

Bikin L'Eroica na Italiya ya nuna fuskokin biyu. Giancarlo Brocci ya fara shi a 1997 a garin Gaiole in Chianti na yankin Tuscany, da mahaya 92, da nufin kare fararen hanyoyin tsakuwa na yankin daga kwalta. Dokarsa ita ce a zo da keke irin na kafin 1987: masauyin giya a bututun ƙasa, feda mai maɗaurin fata, wayar birki a waje. Shekarar ba a zaɓe ta da ka ba. A tsakiyar shekarun 1980 ne Shimano ya fito da giya mai ƙas-ƙas wadda dole marfi da na'ura su zama 'yan gida ɗaya, Look kuma ya fito da feda mai kama takalmi, wadda Bernard Hinault ya ci Tour da ita a 1985. Yanzu dubban mutane ke zuwa kowace Oktoba, doguwar hanyar ta haura kilomita 200, kuma duk wanda ya gama ta a kan keken da ya girme shi ya ba da amsa ga masu cewa tsohon ƙarfe ya tashi aiki. Amma bikin ya kuma haifi kasuwar rigunan ulu da gashin baki na ado da sababbin kekuna masu kwaikwayon tsofaffi. Wanda ya saya wa kansa kayan 1970 daga sama har ƙasa, amma bai san yadda ake ɗaure sifok ba, kwastoma ne shi ma, kamar mai batir ɗin da yake yi wa dariya.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi na iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce. Zai fi kyau ya dakata, domin ƙarshenta a ƙofar gidansa za ta sauka.

Ƙasar Hausa ta san keken ƙarfe sani na haƙiƙa. Rali ya yi sunan da har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano, kuma bayansa Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa da irin wannan ƙira: baƙin keke mai taya inci 28, birkin sanda, kariya mai ɗaukar buhun hatsi. Ba keken tsere ba ne, amma ɗan uwansa ne na jini, tiredi da boris da kota duk hikima ɗaya ce. Abin da Baturen da ke wanke boris a garejinsa yake kira sha'awa, shi ne sana'ar mai gyaran keke da ke zaune a gindin bishiya a kowace kasuwar ƙauye, da famfo da sholisho da kwanon ruwan neman huji da gwangwanin tsofaffin notina. Wannan mutum yana iya rayar da keken da ya shekara arba'in saboda an ƙera keken yadda zai rayu. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, ma'aikata da ɗalibai da dama sun koma neman keke, kuma mafi yawan masu giya da ake samu na hannu ne, waɗanda Turai da Japan suka gama da su aka loda a kwantena.

Abin da ke cikin kwantenar yau shi ne abin da aka ƙera shekara ashirin ko talatin da suka wuce, shi ya sa yake gyaruwa. Abin da zai zo nan da shekara goma sha biyar shi ne abin da ake ƙerawa yanzu: firam na zaren kabon wanda zai iya tsagewa ta ciki ba tare da ido ya gani ba, birkin mai da ke buƙatar sirinji da man da ya dace da shi, giyar da batirinta ya mutu kuma an daina yin irinsa, boris ɗin da aka danna da na'urar da babu ita a duk faɗin jihar. Mai gyaran gindin bishiya zai juya shi, ya duba, ya mayar wa mai shi. Keken da aka saya da albashin wata biyu zai zama abin shanya.

Masana'antar ta san wannan sarai. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin SRAM na Chicago, kamfanin da ya yi fice wajen giyar lantarki marar waya, shi ne F.K. Day, kuma shi ne ya jagoranci kafa ƙungiyar World Bicycle Relief a 2005. Da ƙungiyar ta tashi tsara keken da za ta raba wa ɗalibai da ma'aikatan lafiya a Zambiya da Kenya da Malawi da Zimbabuwe, abin da ta fito da shi, mai suna Buffalo, keken ƙarfe ne mai kauri, mai kariyar da ke ɗaukar kilo ɗari, wanda ake kwancewa da sifana ta yau da kullum, kuma ta horar da makanikai a ƙauyuka tare da tanadar musu da kayan gyara. Aiki ne mai kyau, ya kuma cancanci yabo. Amma yana nuna cewa idan aka tambayi injiniyoyin nan wane keke ne zai daɗe yana yi wa mai shi hidima nesa da shago, sun san amsar ba tare da dogon tunani ba. Amsar ce ba sa sawa a kantunan da ke kawo musu riba.

Abin da ake nema daga kamfanoni ba mai yawa ba ne, kuma sun nuna suna iyawa idan sun ga dama. SRAM ɗin nan ya fito da mariƙin na'urar giya na bai-ɗaya a 2019, ya bar sauran kamfanoni su yi amfani da shi, a maimakon ɗaruruwan siffofin da ake fama da su. Shimano, bayan ya fito da samfurin 105 na lantarki zalla a 2022, ya dawo ya fito da mai waya a 2023. A ci gaba da ƙera giya mai waya a matakin inganci, a bar hanyar da za a bi da wayoyi ta waje ga mai so, a tsaya kan tiredi, a buga ma'aunai a fili, a kuma faɗa wa mai saye shekara nawa za a ci gaba da yin batir da sassan abin da ya saya. Kamfanin da ya ƙi faɗin wannan adadi ya riga ya faɗe shi.

Kafin su yi hakan, akwai miliyoyin kekunan ƙarfe a rumbuna da gareji da kasuwannin gwanjo, waɗanda abin da ke damun mafi yawansu bai wuce busasshen giris da ruɓaɓɓiyar taya da kacar da ta miƙe ba. Mai neman irinsu ya fara duba bututun da ke bayan wuya: idan fenti ya tattare ko ƙarfen ya kumbura a ƙasa, keken ya taɓa yin karo, a bar shi. Ya kwance notin sandar sirdi ya ga ko tana motsi, domin alminiyam da ƙarfe idan suka shekara ashirin a manne ba giris sukan zama abu ɗaya. Ya ɗaga gaba ya juya wili, ya saurara. Idan waɗannan uku sun yi daidai, sauran aikin yammaci biyu ne ko uku, da sifana da tsumma da rabin gwangwanin kananzir.